Amalanken Surukata a Bayan A-kori-kura

Tun da na dawo daga Safana ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na zo kwata tambaya, in na zauna majalisa tambaya, har Ɗanlami mai tsire, wanda ko ƙofar gari bai cika wucewa ba, wai shi ma yana so ya ji yadda daji yake. To ga shi, zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda ya ƙara tambayata bayan wannan sai dai ya ji baƙar magana. Wanda kuma ya zo jin labarin jarumta ya tashi tun yanzu. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba tun da uwata ta haife ni.

Surukata ce ta kai ni. Inna, mahaifiyar matata Hadiza, tana zaune a wani ɗan ƙauye bayan Wagini. Maigidanta ya rasu, shanun nomansa biyu mutanen daji sun kora, ƙauyen kuma kullum sai wani gida ya tashi. Hadiza ta daina barcin kirki. In wayarta ta yi ƙara sai ta dafe ƙirji kafin ta duba. Muka kama wa tsohuwa ɗaki a layinmu nan Katsina, aka yi ta lallashi har ta yarda, amma da sharaɗi: ba za ta bar hatsinta ba, ba za ta bar amalanken marigayi ba. Na ce wa Hadiza ta kwantar da hankalinta, ni da kaina zan je in kawo mata uwarta har ƙofar ɗakin nan.

Sai na gaya maku wani abu tukuna, in ba haka ba ba za ku gane sauran labarin ba. Hadiza 'yar fari ce. Tun da na aure ta Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallon fuskata ba, ba ta taɓa cin abinci inda nake ba. In na je gaisuwa daga bakin zaure nake durƙusawa, ita tana bayan zana, wanda ke kusa shi ke ɗaukar magana daga bakina ya kai mata, ya ɗauko tata ya kawo mani, alhali muna jin juna sarai. "Mutumin Katsina" take ce mani. Mu nan birni abin ya yi sauƙi, na san wanda surukarsa ke kiransa a waya ta ce ya turo mata kati. Can ba haka ba ne.

Motata kun san ta, 'yar a-kori-kurar nan da nake kwasar nama daga kwata zuwa kasuwa. Tayoyin baya kaɗai ke ja, kuma ko keken ɗinki ba ta taɓa jawowa a bayanta ba. Da ita na kama hanyar Batsari da hantsi. Hanya lafiya lau, sai dai tun da na yi nisa na lura motoci sun ragu, wanda ka gamu da shi kuma gudu yake kamar an biyo shi.

A Batsari Habu ya tarye ni, ƙanen Hadiza, mai sayar da hatsi a Safana, inda za mu ajiye hatsin da amalanken kafin mu wuce Katsina. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce in bi babur ɗinsa zuwa garejin wani bakanike, Lawal, wanda zai yi wa motar ƙugiyar da za a maƙala amalanke. Lawal gajere ne, baƙi, maganarsa duk daga ƙarƙashin mota take fitowa. Ya shiga ƙarƙashin tawa, ya ƙwanƙwasa tukunyar ƙarfen nan da ke tsakiyar aksil ɗin baya.

"Alhaji, da wannan za ka ƙetare rafi da kaya?"

"Mi ya same ta?"

"Ba abin da ya same ta, motar birni ce kawai. Wannan tukunyar ita ce difransha. Ita ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin baya don mota ta sha kwana lafiya. Amma tana da mugun hali guda. In taya ɗaya ta hau yashi ta fara sulɓi, duk ƙarfin can yake tafiya, ta yi ta juyawa a banza, ɗayar da ke kan ƙasa mai tauri ta tsaya tana kallo."

Na ce ashe har a cikin mota akwai irin abokan aikina na kwata. Ya yi dariya, ya fito yana goge hannu, ya ce zaɓi ya rage nawa. Ko a bar ta yadda take in yi ta addu'a. Ko ya sa mani wata da ya ciro daga motar da ta yi hatsari, irin mai riƙo, wadda in taya ɗaya ta fara sulɓi wasu faifai a cikinta sukan damƙe su tura wa ɗayar ƙarfi. Ya ce ita ce ta mutunci, tana tafiya a yashi, tana shan kwana a kwalta. Sai dai bai san yadda faifan suka cinye ba, kuma sai an aika Katsina an sayo wasu ƙarafa kafin ta zauna, ayarin motocin da za mu bi zuwa Safana don tsaro kuwa gobe zai wuce.

"Ba a fafe gora ranar tafiya, Alhaji," in ji shi. "Saura walda. In buɗe ta in kashe haƙoran ciki, tayoyin biyu su zama abu ɗaya, su juya tare ko su tsaya tare. A yashi ba ta da na biyu. Amma ka sani, mota ce mai zuwa gaba, ba ta san juyawa ba. In ka matsa mata a kwana da kaya, shaf, ƙarfen da ke juya taya, na iya karyewa. In ka hangi abin da ba ka so a gabanka, ga amalanke a bayanka, kada ma ka fara."

Nan gardama ta tashi. Habu ya ce a bar ta yadda take, don a ƙasar nan direba ba ya fahariya da gudu, da iya juyawa yake fahariya. Wani tsohon direba da ke zaune kan taya yana cin goro ya ce ƙarya ne, shi duk waɗanda ya san an ɗauka a hanyar nan a cikin yashi aka same su, mota ta kafe suna tona. Habu ya ce to wanda ya hange su gaba ya kasa juyawa fa? Tsoho ya ce wannan kwanansa ne ya ƙare. Haka suke maganar, kamar yadda muke gardamar ko saniya ta fi bijimi kitse. Na tambayi Lawal abu ɗaya, wacce ce za ta fidda ni daga rafi da tsohuwa a baya? Ya ce walda. Na ce a kashe ta.

Kafin la'asar ya gama, ya kuma ɗinka ƙugiya a gindin bodi. Da zai rufe sai ya kama hannuna.

"Abu ɗaya kada ka manta. Kaya masu nauyi a gaban tayoyin amalanke za ku jera su, don harshensa, sandar gaban da ake maƙalawa, ya danne gindin mota. Taya ba ta cizon ƙasa sai da nauyi a kanta. In nauyi ya koma wutsiya, amalanke zai ɗaga maka baya, waldar nan ta zama aikin banza."

A zauren Lawal na kwana. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, na zura hannu ina lalube, ko ƙashi babu. Ya lura, ya ce, "Mahauci, yi haƙuri, shanun da za a yanka suna daji." Ban ƙara lalube ba. Abin da ya fi ɗaure mani kai shi ne, mutane sun yi ta shigowa muna gaisawa, gaisuwa doguwa har da tambayar iyali da gajiya da ruwa, amma ba wanda ya ce ina za ka, ko yaushe za ka tashi. Mu nan ko masallaci za ka sai an tambaye ka. Na yi wa Lawal maganar, ya ce an daina, don wanda bai sani ba ba za a zarge shi ba. Na kuma ga kowa da takalminsa a gefen kai yake kwanciya, ni ma na jawo nawa.

Da safe muka sha koko da ƙosai muka tashi, Habu a gaba kan babur. A kwanar farko motar ta nuna mani sabon halinta. Na murɗa sitiyari ta ƙi, tayoyin baya suka yi ƙara suna kankare ƙasa, duk masu shayi suka juyo. Daga nan na koyi buɗe kwana tun daga nesa.

Hanyar Wagini ta ba ni mamaki. Damina ta wuce, ya kamata a ce karan dawa ya rufe ko'ina, amma gonakin bakin hanya duk wake ne da gyaɗa, kana hangen nesa fayau. An hana shuka mai tsawo kusa da hanya don kada a laɓe a ciki. Ba mai danna oda. In kun gamu da mota, direban zai fiddo hannu ya buɗe tafi, lafiya ke nan inda ya fito. In ya kifa hannun yana kaɗawa ƙasa, ka san inda dare ya yi maka. Duk motar da na hango idona na kan hannun direba, har sai da wuyana ya ƙage.

A mashigar Wagini 'yan sa-kai suka tare mu, da bindigoginsu na toka da layu har gwiwar hannu. Sun san Habu. Babbansu ya zagaya motar, ya leƙa ƙugiya, ya ce, "Kai ne za ka ɗauko tsohuwar? Allah ya saka. Amma ku yi sauri, jiya an ga ƙurarsu yamma da rafi." Ba su kiran sunansu, "su" kawai suke cewa, kowa ya gane.

Ƙauyen Inna rabin gidajen ba rufi. Na ɗauka ƙonawa aka yi, Habu ya ce a'a, masu su ne suka ɓalle kwanonsu da ƙyamarensu suka tafi da su. Na durƙusa bakin zaure kamar kullum.

"Habu, ka gaishe da Inna, ka ce ina yi mata ban gajiya."

Daga bayan zana na ji muryarta. "Ka ce wa mutumin Katsina sannu da hanya. Ya ya baro mutanen gidan?"

Ta aiko da fura mai sanyi a ƙwarya, na sha a tsaye, muka shiga loda kaya. Bodin motata ƙarami ne, kwanon rufi da ƙyaure da gado da tabarmi suka cika shi, ga girma ba nauyi. Muka kwance karkiya daga harshen amalanke, muka maƙala shi a ƙugiya muka zura ƙusa. Buhunan dawa da gero da wake muka jera gaba kamar yadda Lawal ya ce. Na zagaya bayan gida in kama ruwa in yi alwala, don in ba ta wuri ta fito.

Da na dawo sai na tarar an sake lodi. Inna ta hau, ta zauna can ƙarshen wutsiyar amalanke ta ba mota baya. Ta sa maƙwabta sun jawo buhunan baya sun gina mata katanga tsakaninta da madubin motata. Gefenta ga dutsen niƙa, ga turmi, ga randa, ga akuyarta ɗaure. Na dubi ƙugiya, harshen amalanke ya ɗaga sama yana jan gindin mota, ƙusar kaɗai ke riƙe da shi.

Na ja Habu gefe. "Ka ce mata ta shigo gidan gaba."

Ya dube ni kamar na zagi ubansa. "Yaya, cinya da cinya da kai? Ko gawarta ba za ta yarda ba."

"To ta dawo gaban amalanke, a mayar da buhunan."

Ya je ya durƙusa ya faɗa mata. Na ji amsar da kunnena. "Nan na zauna. Ku tafi, rana na yi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da wani ne, wallahi da ya ji abin da mahauta ke faɗa wa saniyar da ta ƙi shiga kwata. Amma surukata ce, ga mutane tsaye, ga ayari an ce ya taso. Na haɗiye, na shiga mota.

Ayarin motoci ne biyu na 'yan kasuwa da babura kaɗan, masu zuwa ɓangaren Safana. Dokarsu ɗaya ce, kuma tun a bakin hanya suka faɗa mani ita ba kunya: ba a jiran kowa. Muka bi bayansu a kan jar hanya. Da na ɗan taka mota sai amalanke ya fara kaɗa wutsiya, ya ja dama ya ja hagu, gindin motar na binsa. Na hango ƙafafun Inna suna lilo a gefe. Na sassauta. Na sake takawa ya sake. Dole na koma tafiyar jaki, ina kallon ƙurar ayari tana nisa har ta ɓace.

Habu ya dawo kusa da tagata. "Yaya, bari in cim masu in roƙe su su tsaya ƙetaren rafi. Ka biyo sawu, kada ka tsaya ko mi ka gani." Kafin in ce kada ya bar ni ya murɗa babur ya tafi.

Rafin shi ne iyaka, wannan gaɓa ƙasar Batsari, waccan ƙasar Safana. Ba ruwa, yashi ne fari shimfiɗe, da faɗi, hanya ta gangara cikinsa ta wani ɗan tsagi da mota ɗaya kaɗai ke bi. Na yi bisimilla, na sa giya ta biyu, na shiga. Da farko ta tafi, har na fara sa wa Lawal albarka. Muna kaiwa tsakiya na ji ta yi nauyi. Na ƙara wuta. Injin ya yi kuka, yashi ya tashi ta bayana, mota ta tsaya cak. Na sa ribas, na dawo ta ɗaya, na sake takawa. Sai na ji gindinta yana zama.

Na fito na duba. Waldar ta yi aikinta, tayoyin biyu tare suka juya, tare kuma suka haƙa wa kansu rami, har tukunyar aksil ta kusa taɓa yashi. Ba nauyi a kansu, amalanke ya ɗage su.

Na kashe injin don in yi tunani, kuma da ma ban kashe ba. Da ƙarar ta ɗauke sai na ji wata, can yamma ta saman rafi. Babura ne, ba ɗaya ba, ba biyu ba, ƙararsu a haɗe tana tashi tana faɗuwa. Na ce wa raina ƙila 'yan kasuwa ne. Sai ga wasu mata biyu sun ɓullo daga cikin sabara da gudu, sun yar da itacen da suka ɗauko, ɗaya da goyo. Ko tsayawa ba su yi ba, ɗayar ta ce, "Bawan Allah, suna tahe!" Suka haye gaɓa suka ɓace.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Juyawa babu. Gudu da ƙafa, ni zan iya, tsohuwa mai ciwon gwiwa fa? Na fiddo waya, ba sabis. Na durƙusa na sassauta iskar tayoyin baya, na tone yashin gabansu da hannu, na jawo tabarmi na cusa. Amma na san duk wannan banza ne muddin nauyi na wutsiya.

Na zagaya bayan amalanke. Inna na zaune yadda take, ta ja mayafi ta rufe fuska, carbi na tafiya a hannunta. Na durƙusa nesa kaɗan kamar yadda na saba. Na buɗe baki, ba Habu, ba kowa da zan ba saƙo. Ku yi dariya in kuna so, akuyar na kalla.

"A gaya wa Inna," na ce wa akuya, "nauyi ya yi baya. Sai an sauke dutsen nan, an mayar da buhuna gaba, ita kuma ta shigo mota."

Sai ta ce, ita ma akuyar take kallo, "A ce mashi na sani. Tun ina amarya nike ganin amalanke na ɗaga wuyan shanu in an yi mashi lodin baya. A ce mashi ya zare ƙusa ya tahi. Yana da ƙananan ɗiya."

Ashe ta sani. Tun daga gida ta sani, ta gwammace haka da ta zauna inda idona zai faɗa kanta. Yanzu kuma wai in koma Katsina in ce wa Hadiza na bar uwarta a tsakiyar rafi da akuya.

Sai aka yi harbi. Ɗaya, sannan uku a jere, kusa fiye da yadda nake zato. Tsuntsaye suka tashi daga itatuwan gaɓa.

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ban san sanda na miƙe ba. Na haye amalanke, na tura dutsen niƙa ya faɗa yashi, na bi shi da turmi, randa ta fashe. Na rungumi buhu na jefa gaba, na sake runguma na jefa, ni da nake ɗaukar cinyar sa a kafaɗa ban taɓa jin ƙarfi irin na ranar ba. Na ji harshen amalanke ya sauka kan ƙugiya, ƙwal. Na diro gabanta, na dube ta ido cikin ido, karo na farko a rayuwata.

"Inna, sauko!"

Ta kau da kai. "Kai, ɗan nan, ka ji tsoron Allah."

"Shi nake ji! Sauko, don girman Allah!"

Ta yunƙura, gwiwar ta ƙi. Na juya na ba ta baya, na kamo hannuwanta na ɗora a wuyana, na goya ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan ma ya ba ni tausayi. Tana ta salati, tana cewa in sauke ta. Ɗankwalinta ya zame ya faɗi, furfurarta ta bayyana, ban tsaya ɗauka ba. Na buɗe gidan gaba na zaunar da ita, na rufe, na zagaya.

Na murɗa makulli. Da ta tashi na sa giya ta biyu, na saki kulochi a hankali, a hankali, ina jin ƙarar baburan nan tana cika rafin. Zuciyata na cewa taka, taka, na san in na taka mun sake nutsewa. Motar ta girgiza. Tayoyin suka kama tabarmi, suka tauna ta, na ji sun ciji ƙasa su biyu a tare. Ta ɗago daga ramin. Ta ja, amalanke ya biyo, akuya na ihu. Ban ƙara wuta ba sai da tayoyin gaba suka taɓa gaɓa, nan kuwa na take ta har ƙasa.

A saman gaɓa hanya ta yi kwana mai tsanani zuwa hagu. Na tuna shaf. Ban murɗa ba, na miƙe ta cikin gonar waken wani bawan Allah, na yanko hanya can gaba. Allah ya yafe mani waken. A madubi na hangi ƙura ta cika rafin daga sama, da kawunan shanu, da mutane bibbiyu a kan babura. Ko sun gan mu, ko shanun da suka koro sun ishe su, ban sani ba, ban kuma tsaya tambaya ba.

Ayari bai jira ba. Habu kaɗai muka tarar a gindin wata tsamiya, ya rasa gaba ya rasa baya, yana kuka da hawaye kamar ba magidanci ba. Ya leƙo ya ga uwarsa a gidan gaba kai ba ɗankwali, ya sunkuyar da kai, ya cire rawanin da ya rufe hanci da shi ya miƙa mata ta taga. Har muka shiga Safana fuskarta na jikin ƙofa, ta manne can kamar za ta fasa ta fita. In zan canja giya sai in kama sandar da 'yan yatsu don kada hannuna ya taɓa zanenta.

A gidan Habu matarsa ta yi mana dambu da zogale, na kasa ci, ruwa kawai nake sha. Maƙwabta suka yi ta zuwa barka. Aka sauke hatsi, aka jingine amalanke a ƙofar gida. Shirin shi ne da safe in ɗauki Inna mu bi kwalta ta Dutsin-Ma zuwa Katsina.

Da gari ya waye na duba mai da ruwa, na share kujerar gaba, na shimfiɗa mata darduma. Habu ya fito ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Yaya, Inna ta ce a yi maka godiya. Ta ce Allah ya sa ɗiyanka su yi maka abin da ka yi mata."

"Amin. Ta fito mu kama hanya."

"Ta ce ba za ta ba."

Na ce ban gane ba. Na ce Safana ma ai bakin dajin ne, jiya kaɗai bai ishe ta ba? Na ce ya koma ya ce mata za a samo wata mota, ba sai ta shiga tawa ba. Na ce in ta je Katsina ko layin da take ba zan riƙa bi ba. Ya shiga, ya daɗe, ya fito.

"Ta ce ba motar ba ce. Ta ce gari ɗaya ma ba za ta iya ba, wata rana sai kun haɗu a hanya. Ta ce tsoro ana saba mashi, kunyar suruki ba a saba mata."

Na durƙusa bakin zauren na yi magana da ƙarfi yadda za ta ji, na roƙe ta da Allah da Annabi. Ba ta fito ba. Na zauna har rana ta ɗaga, sannan na tashi mota.

Da na shigo layinmu tayoyin baya suka yi ƙararsu a kwana, Hadiza ta ji ta fito da gudu ba takalmi. Ta leƙa gidan gaba. Ta zagaya ta leƙa bodi. Ta dawo ta tsaya gabana.

"Ina Inna?"

"Tana Safana wurin Habu, lafiyarta ƙalau. Ko ƙwarzane babu."

Ita 'yar can ce, ba sai an yi mata dogon bayani ba.

"Magana ka yi mata?"

"Goya ta na yi."

Ta zauna nan bakin ƙofa a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Malam." Ta share ido, ta ce, "Ka mayar wa mai ɗakin makullinsa. Ba za ta zo ba."